Sankarar Tayirod Idan Ta Yaɗu: Yadda Magani Ya Ci Gaba

Gabatarwa

Maƙoƙo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya saba shiga kasuwar Jega, ko yake zaga ƙauyukan Maiyama da Aliero, ya taɓa ganin mutum, galibi mace, da kumburi a gaban wuya. Da yake kumburin yakan daɗe bai yi zafi ba, jama'a sun ɗauke shi kamar wata halitta ce da mutum zai zauna da ita har ƙarshen kwanansa. Sau da yawa wannan zato bai yi nisa da gaskiya ba, domin yawancin maƙoƙo ba sankara ba ne. Amma akwai kaɗan daga ciki waɗanda sankara ke ɓuya a cikinsu, ta yi shekaru tana girma a hankali, daga baya ta bi jini ta sauka a huhu ko a ƙashi.

A da, idan cuta ta kai wannan matsayi, likita ba shi da abin yi sai rage wa majinyaci raɗaɗi. Yau kuwa sankarar tayirod tana cikin 'yan sankarorin da ake iya shawo kansu ko bayan sun yaɗu, wani lokaci ma har a warke sarai. An kai ga haka ne ta hanya ɗaya: masana sun yi ta nazarin halin ƙwayar cutar, duk halin da suka gano sai su mayar da shi makami a kanta. Darasin ya haɗa ilmin halittu da na sinadarai da fizik da lissafi, wato darussan da ɗalibin babbar sakandare yake ɗauka a aji.

Tayirod da aikinta

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai laushi da ke kwance a gaban maƙogwaro, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. Siffarta kamar malam-buɗe-littafi ne ya buɗe fukafukansa, nauyinta kuwa a jikin baligi kimanin giram 20 ne. Aikinta shi ne haɗa wani sinadari mai suna tayiroksin, ta zuba shi cikin jini. Wannan sinadari ne ke tsara saurin da jiki ke sarrafa abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, da girman ƙwaƙwalwar yaro. Wani masani ɗan Amurka, Edward Kendall, shi ya fara ware shi a 1914.

Ba a haɗa tayiroksin sai da aidin. Baligi yana bukatar maikurogiram 150 na aidin a rana, maikurogiram kuwa shi ne kashi ɗaya idan aka raba giram gida miliyan. Idan ɗalibi ya yi lissafi zai ga cewa abin da mutum zai bukata cikin shekara 70 bai kai giram 4 ba. Tun da aidin ɗin da ke yawo cikin jini ɗan kaɗan ne, ƙwayoyin halittar tayirod suna da wani famfo a jikin bangonsu da ke zuƙo shi su tara. Babu wata gaɓa a jiki da ke tara aidin ta riƙe shi kamar tayirod. Ayarin Nancy Carrasco ne ya fayyace asalin wannan famfo a Niyok a 1996. Mai ba famfon umarni kuwa wani sinadari ne da ake kira TSH, wanda ke fitowa daga wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ya kamata ɗalibi ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, famfo da TSH, domin a kansu aka gina maganin da za a bayyana nan gaba.

Maƙoƙo daban, sankara daban

Idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, TSH yakan ƙaru, ya yi ta matsa wa tayirod lamba har ta kumbura. Wannan shi ne maƙoƙo. An fi samunsa a wuraren da ke nesa da teku, inda ƙasar noma ba ta da isasshen aidin. Gero da rogon da ba a gyara shi da kyau ba suna ɗauke da wasu sinadarai da ke ƙara tsananta matsalar idan dama aidin bai isa ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 1993 ya nuna kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo. A shekarar ce aka wajabta sa aidin cikin gishirin da ake sayarwa, kuma a 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cika sharuɗɗan wannan shiri. Gishirin gargajiya, irin na Foga da na Balma da fatake suka daɗe suna kawowa kasuwannin wannan yanki, ba a ƙara masa aidin.

Sankara kuwa wani abu ne daban. Ita tana faruwa ne idan wata ƙwayar halitta ta daina bin doka, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta kutsa cikin naman da ke kewaye da ita. Cikin kowane ƙululu 100 da aka bincika a tayirod, tsakanin 5 zuwa 15 ne ke zama sankara. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna an sami sababbin masu cutar kimanin 821,000 a 2022, waɗanda suka rasu kuma kimanin 47,500. Mata sun ninka maza kusan sau uku.

Cutar iri huɗu ce. Ta farko ita ce fafilari, wadda ta fi yawa a duniya, fiye da kashi 80 cikin 100, kuma ta fi sauƙin magani. Ta biyu ita ce folikula. Waɗannan biyu ba su manta asalinsu ba, wato suna nan da famfon zuƙar aidin. Ta uku ita ce medulari, wadda ke tasowa daga wasu ƙwayoyin halitta da ba ruwansu da aidin, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata gadonta ake yi. Ta huɗu, anafilastik, ba ta da yawa, amma tana cikin sankarorin da suka fi saurin kisa. Inda aidin ya yi ƙaranci an fi samun folikula da anafilastik, shi ya sa rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya suka daɗe suna nuna folikula da yawa fiye da yadda ake ganinta a Turai da Amurka.

Yadda cutar ke yaɗuwa

Fafilari takan fara yaɗuwa ne zuwa kaluluwar wuya, wani lokaci ta wuce huhu. Folikula kuwa jini take bi. Ƙwayoyinta sukan fasa bangon jijiya su shiga, jini ya kwashe su zuwa huhu, ko ƙashin baya, ko ƙugu, ko cinya, ko ƙoƙon kai. Inda suka sauka sai su yi ta cin ƙashin daga ciki kamar yadda gara ke cin azara, waje yana nan lafiya lau, ciki kuwa ya zama holoƙo.

Wannan batu ya shafi Aliero kai tsaye. Garin ya yi suna wajen ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ake kawo masu karaya. Karayar da aka saba gani tana da dalili bayyananne, kamar haɗarin babur ko faɗowa daga bishiya. Amma a ɗauka wata dattijuwa ce mai maƙoƙo na shekara 20, ta yunƙura za ta ɗauki tulu sai damtsenta ya karye. Ƙashi mai lafiya ba ya karyewa da wannan ɗan motsi. Irin wannan karaya ba ta haɗewa da ɗori, domin abin da ya cinye ƙashin yana nan yana ci. Mai ɗori da ya lura da maƙoƙon, ya ce a je a ɗauki hoton ƙashi tukuna, mai yiwuwa shi ne mutum na farko da ya buɗe wa majinyaciyar hanyar magani. Haka nan kumburi mai laushi a ƙoƙon kai, wanda wani lokaci ake jin yana bugawa kamar zuciya, bai kamata wanzami ya yi masa sakiya ba. Irin wannan kumburi cike yake da jijiyoyin jini, kuma jininsa yana da wuyar tsayawa.

Mataki na farko: aikin tiyata

Maganin sankarar tayirod yana farawa ne da fiɗa. A tsakiyar ƙarni na 19 aikin maƙoƙo yana da matuƙar haɗari saboda zubar jini da ruɓewar rauni. Theodor Kocher na birnin Bern a ƙasar Suwizalan ne ya gyara shi har mutuwa a dalilinsa ta koma ƙasa da kashi 1 cikin 100, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Likitan fiɗa yana kiyaye abubuwa biyu: jijiyar da ke motsa murya, da wasu 'yan ƙwayoyi huɗu masu girman ƙwayar shinkafa da ke bayan tayirod, waɗanda ke daidaita sinadarin kalsiyam a jini.

Mai karatu zai iya tambaya: in cuta ta riga ta kai ƙashi, mene ne amfanin cire ta wuya? Amsar ita ce tayirod mai lafiya ta fi ƙwayar sankara ƙarfin zuƙar aidin nesa ba kusa ba. Muddin tana nan, ita za ta kwashe maganin da ake so ya isa huhu da ƙashi. Saboda haka sai an cire ta ɗungurungum. Daga nan majinyaci zai riƙa shan ƙwayar tayiroksin kullum har iyakar rayuwarsa. Ƙwayar tana maye gurbin abin da aka cire, tana kuma danne TSH don kada ya riƙa zuga ragowar cutar.

Mataki na biyu: aidin mai tartsatsi

A 1938 wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya, Glenn Seaborg da John Livingood, suka samar da wani nau'in aidin mai suna aidin-131. Wajen haɗuwa da sauran sinadarai ba shi da bambanci da aidin na cikin gishiri, don haka famfon tayirod ba ya iya rarrabe su. Bambancinsa shi ne cibiyar ƙwayar zarrarsa ba ta zauna daram ba. Takan farfashe, ta fitar da tartsatsi iri biyu. Na farko, mai suna beta, ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 a cikin nama, amma yana kashe ƙwayar halittar da ya ratsa. Na biyu, mai suna gama, yana ratsa jiki ya fito waje, sai wata na'ura ta ɗauki hotonsa.

Ke nan abu ɗaya ya zama magani ya kuma zama fitila. Majinyaci ya haɗiyi ƙwaya ko ya sha ruwan maganin, jini ya kai shi ko'ina, ƙwayoyin sankara su zuƙe shi da kansu duk inda suka ɓuya, ya ƙone su daga ciki, hoton gama kuma ya nuna wa likita wuraren da cutar ta sauka. Saul Hertz ne ya fara ba majinyaci irin wannan aidin a Boston a 1941, saboda cutar tayirod mai aiki fiye da kima. A 1943 Samuel Seidlin na asibitin Montefiore a Niyok ya gwada shi a kan wani mutum da sankararsa ta watsu cikin ƙasusuwa da huhu. Mutumin ya sami sauƙi ƙwarai, aka buga rahoton a 1946. Wannan na cikin magungunan farko a tarihi da suka iya bin sankara har maɓoyarta.

Kafin a ba da maganin akwai shiri. Majinyaci yakan yi mako ɗaya ko biyu yana ƙaurace wa abinci mai aidin, don ƙwayoyin cutar su ji yunwarsa. Ana kuma bukatar TSH ya hau sama don famfo ya buɗe sosai. A da ba yadda za a yi sai a dakatar da ƙwayar tayiroksin na mako uku ko huɗu, majinyaci ya sha kasala da sanyin jiki. Tun 1998 an sami allurar TSH da ake haɗawa a masana'anta, wadda ke rage wa majinyata da yawa wannan wahala. Bayan shan maganin ana keɓe mutum na 'yan kwanaki, saboda tartsatsin da ke fita ta fitsari da gumi da yawu. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma ana son mace ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 6 zuwa 12. Bayan magani ana bibiyar wani furotin mai suna tayiroglobulin a jini. Tayirod kaɗai ke yin sa, saboda haka idan an cire ta amma ana ganinsa yana hauhawa, alama ce cuta tana nan a wani wuri.

Ya dace a lura cewa aidin-131 kaifi biyu gare shi. Lokacin da tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe a 1986, ya bazu cikin iska da ciyawa da madara, kuma zuwa 2005 an sami sankarar tayirod fiye da 6,000 a cikin waɗanda suke yara a lokacin. Abin da ke raba dafi da magani shi ne awo, da sanin wanda za a ba.

Darasin rabin-rayuwa

Kowane sinadari mai tartsatsi yana da lokacin da rabinsa ke ƙarewa, wanda ake kira rabin-rayuwa. Na aidin-131 kwana 8 ne. Idan yau ana da awo 100, bayan kwana 8 saura 50, bayan kwana 16 saura 25, bayan kwana 24 saura 12.5. Bayan kwana 80 abin da ya rage bai kai ɗaya cikin dubu ba. Ga majinyaci wannan alheri ne, domin maganin ba ya dawwama a jikinsa. Ga asibiti kuwa ɗawainiya ce, domin ba a ajiye shi a kanta kamar farasitamol. Daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma yana raguwa a cikin jirgi, yana raguwa a filin jirgi, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba.

A Nijeriya an buɗe cibiyar irin wannan magani a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2006, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, daga baya Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ya bi sahu. Majinyacin da ya tashi daga Jega zuwa Ibadan sai ya ratsa Maiyama, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba da Ilorin. Dole ranar isarsa ta dace da ranar isowar maganin da kuma ranar da shirinsa ya cika. In ɗaya ya saɓa, sai a sake lale.

Idan ƙwayar cuta ta daina cin aidin

Aidin-131 ba ya yi wa kowa aiki. Masana a cibiyar Gustave Roussy da ke kusa da birnin Faris a Faransa sun bibiyi majinyata 444 da cutarsu ta yaɗu, suka buga sakamakon a 2006. Cikin waɗanda maganin ya share musu cutar har hoto ya daina nuna ta, kashi 92 cikin 100 suna raye bayan shekara 10. Cikin waɗanda cutarsu ba ta zuƙar aidin tun farko, kashi 10 ne kacal. Waɗanda suka fi cin moriya su ne matasa masu 'yan ƙananan ɗigo a huhu. Manyan ƙulluka a ƙashi sun fi taurin kai, sau da yawa sai an haɗa da fiɗa, ko gashi da na'ura, ko alluran ƙarfafa ƙashi.

Kimanin biyu cikin uku na masu cutar da ta yaɗu sukan kai matsayin da aidin ya daina musu amfani, domin ƙwayar cutar ta rufe famfonta. Tun daga 1974 maganin da aka amince da shi ga irin waɗannan shi ne doksorubisin, wanda wahalarsa ta fi amfaninsa yawa. Haka aka zauna kusan shekara 40.

Mataki na uku: toshe wa cuta hanyar abinci

Ƙululun sankara ba ya iya wuce 'yan milimitoci sai ya sami jini. Don haka yakan aika saƙon sinadari ga jijiyoyin da ke kusa, su tsiro masa sababbin rassa. Kamar gonar albasa ce ta rani a fadamar Aliero: in aka datse kwalbatin da ke kai mata ruwa, ba sai an tumɓuke ko tushe ɗaya ba, girma zai tsaya. Masana sun haɗa ƙwayoyin magani na haɗiya da ke toshe wannan saƙo.

Na farko shi ne sorafenib. An gwada shi a kan majinyata 417, aka raba su gida biyu, wasu suka sha maganin, wasu suka sha ƙwayar da ba kome cikinta. A matsakaici cutar masu shan maganin ta tsaya cik na wata 10.8, ta sauran kuwa wata 5.8. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2013. Na biyu, lenbatinib, ya fi shi ƙarfi. A gwajin majinyata 392 ya tsayar da cuta na wata 18.3, a kan wata 3.6 na waɗanda ba su sha ba, kuma ƙullukan kusan kashi 65 cikin 100 sun motse. An amince da shi a 2015. A 2021 aka ƙara kabozantinib ga waɗanda na farkon suka daina yi musu aiki. Masu medulari kuwa sun sami bandetanib a 2011 da kabozantinib a 2012.

Waɗannan magunguna suna riƙe cuta ne, ba sa tumɓuke ta, kuma suna da illa. Kusan biyu cikin uku na masu shan lenbatinib sun sami hawan jini, ban da zawo da rama da gajiya. Kusan uku cikin huɗu na masu shan sorafenib tafin hannunsu da na ƙafarsu ya yi ja yana saɓa. Shi ya sa likita ba ya gaggawar fara su. In cuta tana tafiyar hawainiya, akan sa mata ido da hoto lokaci zuwa lokaci, sai ta nuna tana ci gaba sannan a fara.

Mataki na huɗu: magani gwargwadon aibi

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai rubutaccen umarni na gado, wanda aka kasa shi babi-babi, kowane babi yana bayanin yadda za a haɗa furotin guda. Wasu furotin ɗin makunnai ne, su ke gaya wa ƙwaya ta hayayyafa ko ta dakata. Idan aka sami kuskure a babin da ya shafi makunni, sai makunnin ya maƙale a kunne.

A 1993 aka gano cewa kuskure a babin RET ne ke haddasa medulari ta gado. A 2003 aka gano cewa kusan rabin fafilari suna da kuskure a babin BRAF. Kuskuren harafi ɗaya ne tak, wanda ke sa a musanya tubali na 600 a jikin furotin, shi ya sa ake kiransa V600E. A 2014 wani babban ayarin masana a Amurka ya karanta umarnin gado na fafilari 496, ya gano aibin da ke tuƙa cutar a fiye da kashi 96 cikin 100 nasu.

Sanin aibi ya ba da damar ƙera magani daidai da shi, kamar yadda maƙeri ke yanka mabuɗi daidai da kwaɗo. Mai anafilastik a da ba ya cika wuce wata 5 ko 6 bayan an gano cutar. A 2018 aka amince da haɗin dabrafenib da trametinib ga masu kuskuren V600E, kuma a gwajin majinyata 36 ƙullukan 20 daga cikinsu sun motse. A shekarar ce kuma aka amince da larotirektinib ga masu wani aibi da ba a cika samu ba a babin NTRK. A 2020 selfakatinib ya fito domin masu aibin RET. Da aka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin magungunan medulari, sakamakon 2023 ya nuna cutar kusan kashi 87 cikin 100 na masu shansa ba ta ci gaba ba bayan shekara guda, a kan kashi 66 na sauran, illarsa kuma ta fi sauƙi. Sharaɗin duka waɗannan shi ne a ɗebi naman ƙululun a karanta umarninsa a ɗakin gwaje-gwaje, domin maganin RET ba ya amfanar wanda aibinsa a BRAF yake.

Akwai kuma wata dabara da ta haɗa sabon ilmi da tsoho. An lura cewa makunnin da ya maƙale shi ne ke rufe famfon aidin. Ashe in aka kashe shi na ɗan lokaci famfon zai iya buɗewa. A 2013 masana a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Niyok suka ba majinyata 20 maganin selumetinib na mako huɗu. Cutar 12 daga cikinsu ta ƙara zuƙar aidin, 8 kuma zuƙar ta kai yadda aka sake ba su aidin-131. Har yanzu ana nazarin wannan hanya, amma ta nuna cewa maganin 1943 bai gama aikinsa ba.

Abin da ke hannun Jega, Aliero da Maiyama

Sababbin magungunan nan daga waje ake kawo su, kullum ake shan su na watanni ko shekaru, kuma sun fi ƙarfin aljihun talaka. Abin da ya fi arha, ya kuma fi ceton rai, shi ne gano cutar tun tana wuya. A ƙasashen da ake gano fafilari da folikula da wuri, fiye da 90 cikin 100 na majinyata suna raye bayan shekara 10.

Alamomin da ke bukatar a garzaya asibiti su ne ƙululu mai tauri da ba ya motsi, maƙoƙon da ya daɗe sannan ya fara girma da sauri, disashewar murya da ta wuce 'yan makonni, wahalar haɗiya ko numfashi, kaluluwar wuya da ta ƙi sacewa, da ciwon ƙashi ko karaya ba dalili ga mai maƙoƙo. Ƙululu a wuyan yaro ko namiji ya fi bukatar a yi hanzari. Hanyar tana farawa daga babban asibitin gari, ta wuce Birnin Kebbi, inda ake da Asibitin Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ke da sashen gashin sankara. Binciken farko ba shi da tsanani: hoton sikanin na wuya, sai siririyar allura da za a zuƙo 'yan ƙwayoyin halitta a duba a madubin likita.

Yankin ba ya rasa masu ɗaukar wannan aiki. Jega na da kwalejin kimiyyar lafiya mai horar da ma'aikatan da ke zama a ƙananan asibitocin karkara, kuma su ne ke fara ganin wuyan majinyaci. Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006. A 2024 ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya ta zaɓi Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta daɗe tana wannan gwagwarmaya a Jihar Kebbi, a matsayin shugaba mai jiran gado. A gida kuwa, a sayi gishiri mai aidin, a ajiye shi a rufe, nesa da murhu da danshi. Gishirin ba ya hana kowace sankarar tayirod, amma yana hana maƙoƙon ƙarancin aidin, kuma inda aka wadata da shi nau'o'in da suka fi haɗari sun ragu.

Kammalawa

Daga wuƙar Kocher zuwa selfakatinib shekara ce fiye da 100, kuma kowane mataki ya fito ne daga amsar wata tambaya game da ƙwayar halitta: me take ci, ta ina take samun jini, wane makunni ne ya maƙale a cikinta. Ɗalibin da ke lissafin rabin-rayuwa a aji, ko yake ɗiga aidin a kan sitaci ya ga ya koma shuɗi, yana taɓa ilmin da aka gina waɗannan magunguna a kansa. Kafin ya zama likita ko masanin fizik ma, yana iya gaya wa gwaggonsa mai maƙoƙo cewa muryarta da ta disashe wata biyu ba mura ba ce, ya kuma raka ta asibiti.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa ake cire tayirod ɗungurungum kafin a ba majinyaci aidin-131?
2. Asibiti ya sayi awo 200 na aidin-131, amma kayan suka yi jinkirin kwana 16. Awo nawa ya rage?
3. Bayyana bambancin aikin tartsatsin beta da na gama.
4. Me ya sa aidin-131 ba ya amfanar mai sankarar medulari?
5. Waɗanne alamomi ne za su sa mai ɗori ya tura mai karaya asibiti kafin ya ɗaure ta?